Tambaya da Amsa: Shekara Nawa Dekin Kankare Ke Yi a Ƙasa Mai Zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina gida a Sakkwato, kuma aiki ya kai matakin zuba dekin. Maƙwabcina ya zuba nasa shekaru kaɗan da suka wuce, amma tuni ya tsattsage, har ruwan damina yana ɗiga a ɗakin ƙasa. Birkilana ya ce zafin garinmu ne ke cin kankare, ba makawa. Shin gaskiya ne? Shekara nawa ya kamata dekin ya yi? (Daga wani mai karatu, Sakkwato)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Injiniyoyi kan tsara ginin zama na kankare bisa lissafin cewa zai yi aƙalla shekara 50 ba tare da babban gyara ba, kuma wanda aka yi shi bisa ƙa'ida yakan zarce haka da nisa. Yanayi irin na Sakkwato, Maiduguri ko Agadas ma yana da nasa alfanu, domin manyan abubuwan da ke kashe kankare a wasu wurare babu su a nan: babu ƙanƙarar da ke daskarewa cikin ramukansa ta fasa shi kamar yadda ake fama a Turai, babu kuma gishirin teku da ke sa rodi tsatsa kamar a Legas. Saboda haka maganar birkilanka tana da ƙamshin gaskiya, amma bai faɗe ta daidai ba. Zafi yana yin mafi yawan ɓarnarsa ne a kwanakin farko bayan an zuba, kuma ɓarna ce da ake iya karewa.

Mutane da yawa suna zaton bushewa ce ke sa kankare ƙarfi, alhali kuwa siminti yana ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa, kuma wannan haɗuwa tana ci gaba har makonni. A kwana na 28 ne ake auna ƙarfin da aka tsara masa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ko a lokacin hunturu da busasshiyar iska ke kaɗawa, saman dekin yakan rasa ruwansa cikin 'yan awoyi, tun simintin bai kama ba. Wanda ya hau kansa washegari zai ga siraran tsagu sun bazu, idan kuma ya goga tafin hannunsa sai gari ya biyo shi. Ƙarfin da aka rasa a wannan lokaci ba ya dawowa gaba ɗaya, ko da an tuttula ruwa daga baya.

Don haka ban ruwa shi ne aikin da nake roƙon kada ka bar wa kowa sa ido a kansa. A fara da zarar saman ya kama, a ci gaba ba yankewa aƙalla kwana 7, kuma a irin yanayinku gara a kai kwana 14. Yayyafi sau ɗaya da safe ba ya wadatarwa, domin kafin hantsi ya ƙafe. Abin da ya fi shi ne a yi ɗan gefe da yashi da siminti a kewaye dekin a tara ruwa ya kwanta, ko a shimfiɗa buhunan algarara a riƙa jiƙa su, a rufa da leda. Na san ruwa kuɗi ne a garin da ake saye wurin 'yan garuwa, amma kuɗin ba ya kama ƙafar na gyaran dekin da ke yoyo. Zubin kansa a fara shi da asuba ko da yamma, a jiƙa katakon da za a zuba kankaren a kansa, a kuma ajiye tsakuwa a inuwa idan da hali.

Wani kuskure da zafi ke jawowa shi ne ƙara ruwa a kwaɓi. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin zubawa, amma ruwan da ya wuce kima yana ƙafewa ya bar ƙananan ramuka, ta nan ne iska da danshi ke bi su kai ga rodi. Haɗin da aka saba a gidajen zama shi ne 1:2:4, wato kashi ɗaya na siminti, biyu na yashi mai tsafta marar laka, huɗu na tsakuwa, kaurin dekin kuma yawanci milimita 150, wato inci 6. Sai dai girman rodi da tazararsa aikin injiniya ne, domin sun dogara da faɗin ɗakin da nauyin da za a ɗora. Ka tabbatar an ɗaga rodin daga kan katako da ƙananan gutsattsarin kankare, yadda zai samu rufin milimita 20 zuwa 25. Rodin da ya kwanta a kan katako shi ne wanda bayan shekaru yake tsatsa, ya kumbura, ya ɓanɓaro ƙasan dekin. Kada kuma a yi gaggawar cire tokare; makonni uku shi ne abin da masu kula suka saba bari.

Idan dekin shi ne rufin ƙarshe, to zai sha rana da sanyin dare kullum, yana miƙewa yana tsukewa: mai tsawon mita 10 yakan motsa da kusan milimita 3 idan zafinsa ya sauya da digiri 30. Irin wannan yana bukatar gangara zuwa indararo domin kada ruwa ya kwanta, da shafen hana yoyo da ake sabuntawa lokaci-lokaci.

Game da na maƙwabcinka, siririyar tsaga mai kamar gashi wadda ba ta ƙaruwa ana iya cike ta a shafe. Amma idan tsagar tana faɗaɗa, ko akwai jan tabon tsatsa a ƙasan dekin, ko tsakiyarsa ya lotsa, ka ba shi shawara ya kira injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, ya duba kafin damina ta sauka, kuma kada ya ɗora tankin ruwa ko wani bene a kai kafin nan.