Hukuncin wasan bidiyo mai gumakan Shinto a cikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina buga wani wasa mai suna Ghost of Tsushima. A ciki akwai dila da ake bi har ya kai mutum wani ɗan wurin bauta, sai ka danna maɓalli jarumin ya haɗa hannu ya rusuna, a ƙara maka gurbin laya. Yayana ya ce na yi shirka. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, wannan rashin kwanciyar hankali alheri ne, domin zuciyar da ta mutu ba ta tambaya.

Mu fara sanin abin: wurin bautar da ke cikin wasan nan na Shinto ne. Shinto addinin gargajiyar Jafan ne, ana bautar abubuwan da suke kira kami, waɗanda suke ganin suna cikin rana da duwatsu da itatuwa da kakanni. Babbarsu Amaterasu ce, wadda suke danganta wa rana, labarinta yana cikin Kojiki, tsohon littafin Jafanawa da aka kammala a shekarar 712, kuma har yau ana bauta mata a wurin bauta na garin Ise. Dilan da kake bi ba ado ba ne: a wurinsu ɗan aiken Inari ne, kami na shinkafa da arziki. Masu ƙera wasa daga wannan rijiya suke ɗiba. Shigeru Miyamoto na Nintendo ya faɗa cewa wurin bautar Fushimi Inari na Kyoto ne ya sa jarumin wasan Star Fox na 1993 ya zama dila. A wasan Okami na 2006 kuwa, kai ne Amaterasu ɗin a siffar farin kyarkeci, ƙarfinka yana ƙaruwa da yabon mutane.

Ganin waɗannan sunaye ko sanin labarinsu ba shirka ba ne. Alƙur'ani ya ambaci Lata da Uzza da Manata, kuma malamai sun ce mai ba da labarin kafirci ba kafiri ba ne. Siffar dabba ta ƙage ma ba ita ce matsalar ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga doki mai fukafukai a kayan wasan Nana A'isha, ya yi dariya, bai hana ta ba. Don haka wasa irin Star Fox, da ya ari siffa kawai, yana kan asalin halacci muddin bai cinye salla da karatu ba.

Inda nake tsayawa shi ne maɓallin nan. Ba kallo kake yi ba, yatsanka ne ya sa aka rusuna, sannan aka saka maka da gurbin laya mai ba da kariya. Wannan ita ce ainihin surar da shirka take zuwa da ita: ka girmama wanin Allah, ka samu tsari. A hanyar Hunainu, sabbin musulunta sun roƙi a sanya musu itacen rataye makamai don neman albarka kamar Zatu Anwaɗ ta mushrikai, Annabi ya yi kabbara ya kamanta maganarsu da ta Banu Isra'ila ga Annabi Musa. Bai kafirta su ba, amma bai bar ta ta wuce ba. Bukhari kuma ya ruwaito cewa Annabi ba ya barin abu mai alamar gicciye a gidansa sai ya warware shi. Ina jin tsoron sabo ƙwarai, musamman ga ƙannenka da suke zaune a bayanka suna ganin rusunawa tana kawo riba.

Hukuncina: ba ka fita daga Musulunci ba, tunda ba ka ƙudurce komai game da Inari ba, kuma ya kamata yayanka ya janye wannan kalma, nauyinta ba kaɗan ba ne. Amma danna maɓallin bai halatta ba, ka yi istigfari ka daina. A wasan naka bin dila zaɓi ne, ana gama labarin ba tare da shi ba, sai ka wuce abinka. Wanda kuma aka gina shi kacokan a kan ka zama abin bauta, kamar Okami, ka bar shi gaba ɗaya, ayar Fussilat ta 37 ta hana sujada ga rana da wata. Kuma kada wannan ya kai ka ga zagin mabiya Shinto a intanet, aya ta 108 cikin An'am ta hana.

Allah ne mafi sani.