An ɗaure wa maigidana baki da waya bayan tiyatar muƙamuƙi, ko mu kwance ta ya ci abinci?

Tambaya: Likita, maigidana ya yi hatsarin babur, muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye, aka yi masa aiki aka ɗaure haƙoransa na sama da na ƙasa da waya. Yau kwanansa tara a gida. Ya rame sosai, leɓensa na ƙasa ya mutu ba ya jin taɓi, kuma tun da ciwon ya lafa, 'yan'uwansa suke cewa a cire wayar a kai shi wurin mai ɗori ya ƙarasa, domin yunwa za ta kashe shi. Hankalina ya tashi, mene ne abin yi?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma saka miki da alheri da kika tambaya kafin a taɓa wayar. Mutuwar leɓen da ta tsorata ki ba abin mamaki ba ce, domin jijiyar da ke kai ji zuwa leɓen ƙasa da haɓa ta cikin ƙashin muƙamuƙi take bi, karaya ko tiyata kan dame ta, kuma jin yakan dawo a hankali cikin makonni ko watanni. Abin kiyayewa shi ne zafin abinci: ki riƙa gwada kunu a bayan hannunki, domin zai iya ƙone leɓensa bai sani ba.

Maganar cire waya kuwa, ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai mun ga wanda ta jawo wa wahala. Lafawar ciwo ba warkewar ƙashi ba ce. Ciwon ya lafa ne saboda wayar ta hana ɓangarorin ƙashin motsi, amma abin da ya haɗa su a kwana tara ɗanye ne, kamar ginin laka da bai sha rana ba. Ƙashin baligi yana buƙatar mako huɗu zuwa shida a ɗaure, wani lokacin fiye da haka. Idan aka kwance yau ya tauna tuwo, tsokokin tauna, waɗanda suke da ƙarfi ƙwarai, za su janye ɓangarorin su karkace, ƙashin ya haɗe a karkace ko ya ƙi haɗewa gaba ɗaya, haƙora su daina haɗuwa, mutum ya kasa tauna ko da nama mai laushi. Gyaran wannan shi ne a sake komawa ɗakin tiyata a karya ƙashin da gangan, da wani sabon kashe kuɗi.

Mai ɗori ba shi da abin da zai yi a nan. Ƙafa ko hannu ake kewayewa da kara a ɗaure, muƙamuƙi kuwa haƙora ne ma'auninsa, sai sun zauna daidai a kan juna ƙashin yake daidai. Bugu da ƙari, karayar da ta ratsa wurin haƙora a buɗe take zuwa cikin baki, don haka murza da matsa da cusa garin magani suna tura ƙwayoyin cuta cikin ɓargo. Mun sha karɓar mutane da mugunya na tsiyaya ta ƙasan haɓa, wani yanki na ƙashi ya mutu sai an cire shi, bayan wani mai kemis ya sa filaya ya tsinke waya a kan 'yan kuɗi kaɗan. Raina yana ɓaci da wannan matuƙa, domin wanda ya tsinke wayar ba ya nan ranar da fuska ta karkace, matar da 'ya'yan ne suke kwana a asibiti. Ki gaya wa 'yan'uwansa cikin ladabi cewa duk mai shakka ya biyo ku ranar komawa ganin likita ya ga hoton ƙashin da idonsa.

Yunwa kuma ba za ta kashe shi ba idan an ciyar da shi yadda ya kamata. Raguwar kilo kaɗan abu ne da aka saba gani, amma koko tsinkakke sau uku a rana ba ya isar mai jinya. A ba shi sau shida zuwa takwas: kunun gyaɗa da madara, fura da nono da aka dama aka tace, romon nama ko kifi, wake da dafaffen ƙwai da ayaba a markaɗe su su zama ruwa. Abincin yana wucewa ta bayan turamen haƙora da tsakaninsu, da kofi ko babban sirinji. Bayan kowane ci ya kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ya yi amfani da maganin kurkurar da aka rubuta masa da ƙaramin buroshi mai laushi. Ya kwanta kansa a ɗage bisa matashi biyu, ya bar sigari, ya shanye magungunansa har ƙarshe, kuma kada a saya masa tiramadol a kemis, domin yana sa maye da amai, haɗarinsu kuwa babba ne ga mai ɗaurarren baki.

Wuri ɗaya ne aka yarda a yanke waya a gida, wato idan numfashi ya toshe. Idan amai ya zo, ya sunkuya gaba ko ya kwanta a gefe, ruwan zai fita ta tsakanin haƙora. Ki tabbata an ba ku abin yanke waya, an kuma nuna miki wadda za ki yanke, ya kasance kusa da shi dare da rana. Idan aka yanke, a wuce asibiti nan take. Haka nan idan zazzaɓi ya zo, ko kumburi ya sake tashi bayan ya fara saɓewa, ko aka ga mugunya ko jinin da ya ƙi tsayawa, ko wayar ta yi sako-sako, kada a jira ranar da aka rubuta a kati, a koma wurin likitan da ya yi aikin a ranar.