Amsa Ga Ƙaramin Lauyan Da Ake Zuga Ya Fito Takara

Barista, ka ce dattawan garinku sun yi maka tattaki suna son ka nemi kujerar majalisar jiha, shekararka uku kacal da zama lauya, kana tambayar ko ta nan ake bi a kai ga Kwamishinan Shari'a ko Mataimakin Gwamna. Doka ba ta hana ka ba. Amma a ganina da sauran lokaci.

Fara da lissafin shekaru. Tun gyaran tsarin mulki na 2018, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha, Gwamna da mataimakinsa kuwa sai 35. Babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar digirin lauya, karatun sakandare da katin jam'iyya sun wadatar. Kujera ɗaya ce tak a majalisar zartarwar jiha aka keɓe wa lauya, wato Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a, kuma sashe na 195 na tsarin mulki ya ce sai wanda ya shekara 10 da cancantar aikin lauya. Shekarun cancanta ake ƙirgawa, ba a tambayar shari'a nawa ka yi. Wanda ya rataye rigarsa ya tafi yawon siyasa ma shekarunsa za su cika a takarda. Sai dai ranar da aka zaunar da shi gaban daraktocin ma'aikata, waɗanda suka yi shekara ashirin suna shiga kotu, kafin la'asar sun gane ba abin da ya sani, daga nan sa hannu kawai zai riƙa yi a kan abin da aka rubuta masa.

Dubi waɗanda suka bi hanyar. Ibrahim Hassan Hadejia ya fara da Kwamishinan Shari'a na Jigawa a 1999, ya zama Sakataren Gwamnati, ya yi Mataimakin Gwamna a zamanin Saminu Turaki, ya sake yi daga 2015 zuwa 2019 tare da Badaru Abubakar, sannan ya tafi Majalisar Dattawa. Gwamnan farar hula na farko a Jigawa, Ali Sa'ad Birnin Kudu, wanda ya hau a 1992, lauya ne. Mohammed Abdullahi Abubakar ya riƙe Kwamishinan Shari'a a Bauchi shekaru da dama kafin ya zama Gwamna a 2015. Aminu Waziri Tambuwal ta majalisa ya bi, amma sai da ya haura shekara goma da zama lauya kafin ya shiga Majalisar Wakilai a 2003. Dattawan naku kada ka ce musu a'a kai tsaye, ba a yi wa manya haka. Ka yi godiya, ka yanki katin jam'iyya a mazaɓarku, ka roƙi a bar ka ka yi wa wani hidima a wannan zagayen.

Shekaru bakwai da suka rage maka, a kotunan karkara za ka yi su, kuma mafi yawan abin da zai zo teburinka gona ne da gado. Nan ake sanin lauya. Mutum zai zo ya ce gonar kakansa ce, ba takarda, shaidun cinikin duk sun rasu. Tambayarka ta farko ita ce ta yaya gonar ta shiga hannun wanda ke nomanta: saye ne, kyauta ce, aro ne, ko jingina? A mazhabar Malikiyya, wanda ya riƙe gona shekara 10 mai ita yana gani bai yi magana ba, hauzi, wato daɗewar riƙo, ya ba shi ƙarfi, tsakanin 'yan'uwa kuwa sai wajen shekara 40. Amma aro da jingina ba sa zama mallaka komai daɗewa, don haka duk shari'ar a kan wannan gaɓar take juyawa. Idan kai ne mai rubuta takardar ciniki, ka sa sunan maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, ka ambaci burtali ko kwari idan akwai, shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya shaida. Idan gonar gado ce da ba a raba ba, sai kowane magaji ya yarda, har matan da suka yi aure a wani gari. Su ake mantawa, kuma 'ya'yansu ne ke tayar da maganar bayan shekara ashirin.

Sai kuskuren da ke cinye wa talaka shekaru a banza, wato ɗaukaka ƙara zuwa inda bai kamata ba. Sashe na 277 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga aure da saki da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Rikicin mallakar gona zalla, wanda ba rabon gado a ciki, Babbar Kotun Jiha ake kai shi. Ka kai shi gaban Kadi, ko ka yi nasara, can gaba za a rushe komai a ce ba hurumi, a koma farko.

Abu biyu na wannan aikin suna bin mutum har akwatin zaɓe. A ƙauye duk shari'ar da ka ci, akwai zuriya guda da ka kayar, kuma su ma suna da ƙuri'a. Ba cewa nake ka sassauta wa wanda ya ɗauke ka ba, amma inda sulhu zai yiwu ka fara da shi, a rubuta, a kai kotu ta mayar da shi hukunci. Na biyu kuɗin mutane. Kuɗin magada ko diyyar gona da ya biyo ta hannunka asusunsa daban, ba ya kwana a aljihunka, ba a ranta don buga fosta. Kwamitin ladabtar da lauyoyi yana iya soke sunan mutum a kan wannan, kuma ko bai soke ba, abokin hamayya zai karanta takardar ƙorafin a rediyo.

Ƙofar da lauya ke shiga siyasa ba tare da ya saki sana'arsa ba ita ce kujerar mai ba jam'iyya shawara kan shari'a, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, da kuma shari'ar zaɓe. Ka haddace kwanakin sashe na 285 kamar karatun allo: kwana 14 don ƙarar abin da ya faru kafin zaɓe, irin rikicin fid da gwani, kwana 21 daga bayyana sakamako don shigar da ƙarar zaɓe, kwana 180 kotu ta yanke hukunci, kwana 60 a yanke hukuncin ɗaukaka ƙara. Babu alƙalin da zai ƙara maka ko yini. Kwana 21 ɗin nan gajere ne ƙwarai, domin a cikinsa za ka nemi kwafin takardu masu hatimin INEC, ka tattara rantsattsen bayanin shaidu, ka shigar da su tare da ƙarar. Mazaɓu 287 ne a Jigawa, 484 a Kano, kowace da rumfunanta. Shi ya sa aikin yake farawa tun kafin ranar zaɓe, da koya wa wakilan akwati cewa kada su bar rumfa sai da kwafin EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, mai sa hannu a hannunsu. Maguɗin da aka yi a rumfa, wanda ya tsaya a rumfar ne zai ba da shaidarsa. Shugaban jam'iyya da ya ji labari a waya, maganarsa ji-ta-ji-ta ce. Kuma jibge wa kotu buhunan takardu ba tare da an ɗaure kowace da abin da ake zargi ba, shi ne ya kashe ƙararraki masu yawa da ke da gaskiya.

Ka karanta hukunci uku da kyau. Zamfara a 2019, inda Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, duk ƙuri'unta suka tashi a banza tun daga Gwamna har 'yan majalisa. Bayelsa a Fabrairun 2020, inda aka soke nasarar David Lyon a zaɓen Gwamna ana gobe rantsarwa saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. Sai Kano, inda kotun zaɓe ta zaftare wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 a 2023 a kan rashin hatimi da sa hannu, Kotun Ƙoli ta mayar masa a ranar 12 ga Janairun 2024. Na Bayelsa ya fi shafarka. A wajenmu yaro yakan shiga firamare da sunan mahaifi, a sakandare a maƙala masa sunan gari, a jami'a a sauya harafin Muhammad, ga takardar rantsuwar shekaru biyu da ba su yi daidai ba. Fito da takardunka yau ka jera su a tebur, har da ta Makarantar Lauyoyi da ta hidimar ƙasa, ka gyara duk saɓani ta hanyar doka tun ba wanda ke nemanka da sharri.

To, a ce Allah ya yi, an aika sunanka majalisa don zama Kwamishinan Shari'a. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba Gwamna kwana 60 daga rantsuwa ya miƙa sunayen kwamishinoni. Za ka bayyana kadarorinka ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma ka rubuta har gonar gado da shanun da ke hannun makiyayi, don abin da aka ɓoye shi ake tonowa ranar da aka ɓata. Ofishinka na lauya dole ka fita daga gudanar da shi: a miƙa fayil-fayil ga wani da sanin masu su, a cire sa hannunka daga asusun banki. Noma kaɗai doka ta bar wa mai riƙe da muƙami. Kuɗin lasisinka dai ka ci gaba da biya kafin 31 ga Maris kowace shekara.

Aikin kujerar ba jiniya ba ne. Fayil ne daga 'yan sanda ke jiran shawarar ma'aikata kan ko a gurfanar ko a saki, kuma kowane fayil da ya kwana wata shida a kabad, mutum ne zaune a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ba a yanke masa hukunci ba. Kwamishinan kirki kowane mako yana neman jerin waɗannan fayil ɗin da ranar shigowarsu. Akwai tsara ƙudurin doka kafin a kai majalisa, da duba yarjejeniyar kwangila kafin a sa hannu, da kare jiha a kotu. Yawancin bashin hukunci da ke kan jihohi daga gaggawa ya samo asali: an ƙwace fili ba a ba da sanarwar da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada ba, ko an soke kwangila da baki, ko an kori ma'aikaci ba a saurare shi ba.

Inda ake gwada mutum shi ne sashe na 211, wanda ya ba ka ikon shigar da ƙarar laifi, karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta kafin hukunci. Za a kira ka da dare a ce yaron wane ne, ɗan jam'iyya ne, a janye. Za a kuma kawo maka sunan ɗan adawa a ce a nemo masa laifi. Sashen da kansa ya ce ka duba maslahar jama'a da adalci da hana wasa da kotu, ba maslahar jam'iyya ba. Ba a yi wa Gwamna musu a gaban mutane. Ka same shi shi kaɗai, ka ce ranka ya daɗe ga abin da doka ta ce, ga abin da zai biyo baya, ga wata hanyar da za ta kai mu ba tare da an taka doka ba. Sannan ka rubuta shawarar, da kwanan wata, ta shiga fayil. Rigar kariya ta sashe na 308 Gwamna da mataimakinsa kaɗai ta rufe, su ma sai suna kan kujera. Kwamishina ba shi da ita ko ta yini ɗaya, kuma sa hannunsa ne EFCC za ta gani a takarda.

Kujerar Mataimakin Gwamna kuwa ba a nemanta da fosta. Ɗan takara ne ke ɗauka, kuma lissafin yanki ya fi yawa a ciki: a Jigawa ana duba masarautu biyar, Dutse da Hadejia da Gumel da Kazaure da Ringim, a Kano ana duba shiyyar sanata. Ba ta da aikin kanta sai abin da Gwamna ya miƙa maka. Idan aka ɓata, sashe na 188 na tsigewa yana nan: kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu bisa uku su amince a bincika, Babban Jojin Jiha ya naɗa mutum bakwai, su kawo rahoto cikin wata uku. A majalisa mai mutum 30 irin ta Jigawa, kashi biyu bisa uku mutum 20 ke nan, a Kano mai 40 kuwa 27. An tsige Ibrahim Bibi Faruk, mataimakin Gwamna Abubakar Rimi na Kano, a 1981.

Idan kana kan muƙami ka so tsayawa takara, Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana mai muƙamin siyasa shiga zaɓen fid da gwani sai ya sauka, ma'aikacin gwamnati kuma tsarin mulki ya ce ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe. Dokar zaɓe ba ta daɗewa ba a taɓa ta ba, saboda haka ka karanta wadda ke aiki a shekarar da za ka fito, tare da ƙa'idojin jam'iyyarka. Bayan ka sauka kana iya komawa kotu washegari idan lasisinka na raye, sai dai duk maganar da ta bi ta teburinka kana Kwamishina, ƙa'idar aikinmu ta hana ka karɓarta a matsayin lauya mai zaman kansa, ko wane ɓangare ne ya zo da ita.