Amsa kan alobera mai laushin ganye

Hajiya, kin tambayi abin da ke damun aloberarki. Ganyenta da ya yi laushi ya koma ruwan ɗorawa ba ƙishi ba ne, ruwa ne ya yi yawa. A sanyin Jos, balle da damina, ƙasar tukunya ba ta saurin bushewa, sai saiwa ta ruɓe.

Ki tuge ta, ki yanke saiwar da ta yi baƙi, ki bar aloberar a inuwa kwana 3. Sai ki dasa a tukunya mai huda a gindi, rabi yashin rafi, rabi ƙasa, kusa da tagar da hantsi ke shiga. Ban ruwa sai bayan mako 1, daga nan kuma sai ƙasar ta bushe ƙayau. In gindin aloberar har wari yake, 'ya'yan gefe kawai za ki ceta.