Tambaya da Amsa: Ta yaya wasan rediyo yake rikiɗewa ya zama labari?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A fadarmu ta shayi da ke unguwar Birni, nan Damagaram, an turo mana murya a WhatsApp, da kiɗan buɗe labarai da komai, wai annoba ta ɓarke. Hankalin kowa ya tashi, sai daga baya muka ji ashe guntun wasan kwaikwayo ne na rediyo. An taɓa yin irin wannan a wani wuri?

Amsa: An yi, ɗan'uwa, tun ba a haifi iyayenmu ba. Ranar 30 ga Oktoba 1938, gidan rediyon CBS a Amurka ya watsa wasan Orson Welles mai suna The War of the Worlds. Ana cikin kiɗa sai a katse, a ce ga rahoton gaggawa: halittu daga duniyar Mars sun sauka a Grover's Mill, jihar New Jersey. An faɗa tun farko cewa wasa ne, amma wanda ya murɗo tashar a tsakiya bai ji ba. Wasu sun firgita, sai dai jaridu sun zuzuta abin fiye da kima. Masu bincike sun nuna waɗanda suka saurari shirin ma ba su da yawa.

Inda abin ya yi muni shi ne Kito, babban birnin Ekwado, a Fabrairun 1949. Radio Quito ta maimaita wasan da sunayen wuraren ƙasar, har 'yan sanda da sojoji suka fita neman maharan. Da gaskiya ta bayyana, jama'a suka fusata, suka cinna wa ginin wuta, wanda jaridar El Comercio ma take ciki. Aƙalla mutum 6 suka mutu.

Ka lura, ba ƙaryar ce mai ƙarfi ba. Wa zai yarda da mutanen Mars? Rigar da aka sa mata ce: kiɗan labarai, wakilin da ke haki, "masani" da aka kira, da sunan wurin da ka sani. A ce maka abu ya faru a kasuwar Dole, kafin ka yi tunani ka riga ka kira gida. Mu kuwa da muka tashi da "rediyo ya faɗa" a matsayin hujja, kunnenmu ya fi saurin miƙa wuya.

Naku ya fi na 1938 haɗari, don wanda ya yanko muryar ya zubar da gargaɗin, kuma dasa kiɗan wata tasha a waya ba wuya. In irinta ta sake zuwa, ka tambaya: wace tasha, wace rana, wane shiri? Sannan ka jira labarai na gaba a Muryar Sahel ko Anfani. Annobar gaske ba za ta tsaya a murya guda ba, kuma hukumomin lafiya za su yi magana da bakinsu. Kafin nan, kada ka tura wa kowa.