Duwatsun Preseli da makiyayan Mynachlog-ddu

Malam, ka yi tambaya ko gaskiya ne wasu daga cikin duwatsun Stonehenge, tsohuwar da'irar duwatsun nan ta tarihi da ke kudancin Ingila, daga wani ƙauye a Wales aka ɗebo su, kuma ta yaya irin waɗannan kayan tarihi suka tsira a wurin da ake noma shekaru dubbai. Na ga an ba ka amsar ta farko a taƙaice, amma ta biyun ba wanda ya taɓa ta. Ni kuwa na zauna a yankin lokacin da nake karatun aikin gona a Wales, ina zuwa aikin kula da tumaki a lokacin haihuwarsu, saboda haka bari in faɗi abin da na sani.

Ƙauyen da ake nufi shi ne Mynachlog-ddu, a gindin tsaunukan Preseli cikin gundumar Pembrokeshire. Gidaje ne a warwatse, gona nan gona can, mutanensa kuma har yau yaren Welsh suke yi a gida da kasuwa. A 1923 wani masanin duwatsu, Herbert Thomas, ya nuna cewa ƙananan duwatsun Stonehenge masu duhu-duhu, waɗanda kowanne ke kai tan 2 zuwa 4, asalinsu daga waɗannan tsaunuka ne, tazarar kusan kilomita 240. An daɗe ana nuna tsaunin Carn Menyn da ke saman ƙauyen, sai binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga Carn Goedog da Craig Rhos-y-felin da ke ɗaya ɓangaren. Farfesa Mike Parker Pearson da mutanensa sun yi tono a wuraren biyu, suna ganin mutane ne suka fasa duwatsun suka ja su wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Brian John, wanda ɗan yankin ne, ya dage cewa tulin ƙanƙara ne na zamanin da ya kwashe su ya yi gabas da su. Yawancin masana suna tare da Parker Pearson, ni ma haka, amma kar wani ya ce maka an rufe maganar.

To, batun tsira. A ganina tumaki ne suka tsare duwatsun tarihin da ke Preseli, da mutanen da ke kiwon su.

Ƙasar wurin tsami gare ta, ruwa ya yi mata yawa, ga duwatsu. Garma ba ta da abin yi a mafi yawanta. Duk inda ƙasa ke da kyau a Birtaniya, manoma sun daɗe da tumɓuke duwatsun da suka tare musu hanya, suka gina katanga da su. A nan kuwa saman tsaunin makiyaya ce ta gama-gari, kowace gona da haƙƙinta na sakin dabbobi. Ka je Gors Fawr, tafiyar ƙafa kaɗan daga titi: duwatsu 16 a kewaye, faɗin da'irar kusan mita 22, galibinsu ba su kai ƙugun mutum ba, da wasu dogaye guda biyu tsaye can gefe. Babu mai gadi, babu tikiti. Idan ka matsa kusa za ka ga gashin tunkiya maƙale a jikinsu, gefen dutsen ya yi santsi don susa, ƙasan gindinsa ya lotsa inda dabbobi ke kwanciya su fake wa iska. Wasu baƙi na ganin wannan rashin kula ne. Ba haka ba ne. Da za a janye tumakin, cikin shekaru kaɗan ƙaya da ciyayi masu tsayi za su rufe wurin, saiwoyinsu kuma su ne ke ɓata abin da ke binne. Haka ma a saman tsaunin Foel Drygarn, inda akwai manyan tarin duwatsu uku na zamanin tagulla a cikin ganuwar zamanin ƙarfe. Gurbin bukkoki sama da 200 ana ganinsu da ido ne don ciyawar a gajerce take.

Kiwon nasu ma abin kallo ne. Tsaunin ba shinge, amma kowane garke ya san yankinsa, ɗan rago yana koya daga uwarsa, shi ya sa idan an sayar da gona akan sayar da ita da garkenta. Kowace gona da irin tsagar kunnenta. Manomin da na yi wa aiki yakan kama kunnen tunkiyar da ta ɓato, ya shafa da babban yatsa ya faɗi gidan da ta fito, sannan ya ɗaga waya. Idan sanyi ya shigo, da yawa daga cikinsu kan kwashe tumakin a motoci zuwa Castlemartin da ke kudancin gundumar, filin atisayen soja ne a bakin teku, su ci ciyawa can har bazara, kamar dai yadda Fulani ke gangarawa kudu da rani. Wannan tsari ya samo asali ne wajen 1950.

Mutanen kuma ba sa barin a taka su. A 1839 manoman yankin, waɗanda ke ɗauko farar ƙasa daga nesa don kashe tsamin gonakinsu, suka gaji da kuɗin shingen hanya, suka sa kayan mata suka farfasa shingen Efailwen. Wannan ne farkon boren da ake kira na Rebecca, kuma Thomas Rees da ake cewa shi ya jagorance su, a maƙabartar cocin Bethel na ƙauyen aka binne shi. Wanda ya fi shafar tambayarka shi ne na 1946, lokacin da ma'aikatar yaƙi ta so mayar da eka 16,000 na Preseli filin harbi na dindindin. Limaman coci da malaman makaranta da manoma suka haɗa kai, ba su sassauta ba har gwamnati ta janye a 1948. Sun yi ne don gonakinsu da harshensu, amma da sun sha kaye, da Carn Goedog da Parker Pearson ya zo ya tona yana ƙarƙashin harsashin igwa. Abin yana ci mini rai idan na ga shirin talabijin na awa guda kan duwatsun, ba a ko ambaci waɗannan mutane ba.

Idan za ka je, ka tafi tsakanin Mayu da Satumba, ka sa takalmin roba mai tsawo, domin hanyar Gors Fawr dausayi ce, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Motar haya ba ta da yawa, gara ka samu mai kai ka daga garin Crymych da ke kusa. Hazo kan sauko a saman tsaunin ba zato, kar ka hau shi kai kaɗai da yamma. Duk ƙofar gona da ka buɗe ka mayar da ita yadda ka same ta, kuma idan ka ga ɗan rago kwance shi kaɗai a bayan dutse kar ka ɗauke shi, uwarsa na kusa tana kiwo.