Filin Gwaggo: Burauni ba kek ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo, ina wuni, ya zahi? Wata ukku ke nan da kai ni ɗaki. Na ci burauni, wani gashin cakulan mai kama da kek, gidan bukin wata ƙawata, baƙi wuluk, cikinai da danshi da danƙo. Sau ukku ina gwadawa gida, kullum sai shi kumbura shi bushe, yana marmashewa, launinai ma ja-ja. Milo nika sawa, da bekin hoda cokali guda, da ƙwai huɗu. Ba ni da obin, tukunya da rairai nika amfani da su, kuma ba ni saukewa sai tsinke ya hito tas. Mi ad dalili? Ɗiyarki daga Mabera.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba da zaman lafiya. Kek kika gasa sau ukun nan, kina jiran ya zama burauni. Hannunki ya saba da kek ɗin biki, shi kuwa wannan duk abin da kek ke so ba ya so.

Fara da ajiye Milo, na shayin maigida ne. Sukari da madara da sha'ir sun yi masa yawa, shi ya sa launin ya fito ja-ja. Garin koko zalla za ki nema, mai ɗaci, wanda ake yin cakulan da shi, irin da ake nomawa a Ondo da Kuros Riba. Amma ki je da kanki wajen masu kayan kek. Ni farkon da na aiki yaro Tsohuwar Kasuwa ya sayo min garin koko, ƙullin gero ya kawo min na kokon safe, har da kanunfari gyara. Ban ga laifinsa ba.

Ga awon da nake yi da gwangwanin madarar Peak, na tire mai faɗin santimita 20 kowane gefe. Sukari gwangwani ɗaya da rabi, wajen giram 200. Bota narkakke, fulawa, da garin koko, kowanne kashi uku cikin huɗu na gwangwani. Ƙwai biyu, gishiri ɗan mitsitsi. Za ki ce fulawar ta yi kaɗan. Haka ake so. Bekin hoda kuwa ko ƙyasa ba na sawa, don shi ke hura ƙullin ya cika da iska, iskar kuma ita ce bushewar da kike kuka da ita.

Narkar da botan, ki juye sukari tun yana da zafi ki juya, sai koko. Ki bari ya huce yadda za ki iya sa yatsa, don kada ƙwai ya dahu a ciki, sannan ki fasa ƙwan ki buga sosai kamar minti biyu, har ƙullin ya yi sheƙi. Sukarin da ya narke a nan shi ke ba da wannan ɓawon na sama mai ƙyalli, mai tsattsagewa kamar bakin tabki da rani. Da zarar fulawa ta shiga, bugu ya ƙare. Ki juya a hankali da muciya, farin na ɓacewa ki ɗaga hannu. In kin ci gaba da tuƙa ta kamar tuwo, tauri zai yi. In kina son gyaɗa, soyayya ki daddaka ki watsa. Man shanu na taɓa gwadawa, ƙamshinsa ya danne cakulan ɗin, ban sake ba.

Rashin obin ba matsala ba ne, shekaru na yi da tukunya. Rairayin ya kai kaurin yatsa biyu, ki rufe ya ɗau zafi minti goma, ki ɗora tiren kan ƙananan duwatsu uku don kada gindinsa ya taɓa rairayi. Wutar ƙasa kaɗan, garwashi kaɗan bisa murfi. Masu obin su sa digiri 175 na Salsiyos, minti 22 zuwa 25. Tukunya takan ɗan fi haka, ki fara leƙawa daga minti 25.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, ki buɗe kunne. Tsinke ya fito tas, dokar kek ce. A burauni, in ya fito tas kin riga kin makara. Ki soka tsinken sakace a tsakiya: in ya fito da ruwan ƙulli, saura, in ya fito da ɗan dusa mai danshi manne a jikinsa, gefen kuma ya fara sakin tire, sauke nan take. Zuciyarki za ta ce bai nuna ba, uwar miji ma in tana kusa za ta ce ɗanye ne. Ki yi mata murmushi ki sauke. Zafin tiren zai ƙarasa shi a ƙasa.

Kada ki kai masa wuƙa sai ya huce sarai, awa biyu aƙalla. A zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40, in an kawo wuta ki sa shi firij rabin awa, zai yanku tsaf. Ana cewa a wani otal na birnin Shikago a Amurka, Palmer House, aka fara yin irinsa a 1893, don mata su ci da hannu a wajen baje koli, saboda haka ƙanana ake yankawa, goma sha shida a tiren nan.

Da hunturu kuwa kada ki bar shi a buɗe ko na awa guda, iskar nan da ke fasa mana dugadugai ba za ta raga masa ba. Ki sa a roba mai murfi, zai kai kwana uku. Idan ya yi, ki aiko min na kusurwa, shi na fi so.